Vallon-Pont-d'Arc da kwazazzabon kogin Ardesh a Faransa: abin gani, abin yi da abin kiyayewa

Duk mai ɗa ko ƙane a Faransa, ba mamaki an taɓa turo masa wani hoto ta WhatsApp: ƙaton dutse da ɓuli a tsakiyarsa kamar ƙofar gari, kogi na ratsawa ta ƙarƙashi, ga ƙananan kwale-kwale ja da ɗorawa birjik bisa ruwa. Wannan dutse shi ake kira Pont d'Arc. Ƙauyen da ke kusa da shi kuwa sunansa Vallon-Pont-d'Arc, bakin kogin Ardèche, wanda a baki ake cewa Ardesh. Fiye da mutum miliyan guda ke zuwa yankin kowace shekara. Mun tattaro muku bayanin wurin ne don na gida su san inda ƴaƴansu ke zuwa hutu, masu niyyar zuwa kuma su tafi da shiri, domin kogin nan mai kyaun gani ya sha cin rayuka.

Inda wurin yake

Vallon-Pont-d'Arc na kudu maso gabashin Faransa, cikin gundumar Ardesh wadda ta samo suna daga kogin. Mazaunansa ba su wuce mutum 2,400 da ƴan kai ba, amma a watannin Yuli da Agusta, lokacin da mu ke tsakiyar damina su kuma suke babban hutun lakkwal, yawan jama'a kan ninka sau da dama. Da can sunan garin Vallon kawai. A 1948 aka ƙara masa sunan dutsen.

Daga Paris zuwa can a mota kusan nisan Yamai zuwa Maradi ne, kilomita 650 da ɗoriya. Daga Liyon tafiyar awa biyu da rabi ce, daga Marsai kuma awa biyu da ƴan mintoci. Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa. Mai zuwa da jirgin nan mai sauri, TGV, sai ya sauka a Valence ko Montélimar ya kama bas. Daga Montélimar saura kilomita 50 ko kusa da haka.

Shi kogin tsawonsa kilomita 125 ne. Yana ɓuɓɓugowa daga duwatsu masu tsawon kusan mita 1,500 a arewa maso yamma, ya gangaro ya zuba cikin babban kogin Ron kusa da garin Pont-Saint-Esprit. Kwazazzabon da muke magana a kai shi ne yankin ƙarshe na tafiyar kogin, kimanin kilomita 30, daga Pont d'Arc zuwa ƙauyen Saint-Martin-d'Ardèche.

Yadda ruwa ya sassaƙa dutsen

Dutsen yankin dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙowa a Malbaza ta jihar Tahoua ana yin siminti da shi. Masana ƙasa sun ce fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce teku ce mai ɗumi ta rufe wurin. Ɓawon halittun ruwa ya yi ta taruwa a ƙasan tekun, ya daskare, ya zama dutse. Mutanen Adar ba za su yi mamakin wannan ba, tunda a duwatsunsu ma ana tsintar ɓawon halittun teku da ya koma dutse.

Irin wannan dutse yana da rauni guda: ruwan sama na narkar da shi sannu a hankali. Ruwan kan kwashi iskar kabon daga sama da cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami, ya bi tsagogin dutsen yana cin su. Tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo. Shi ya sa tudun da ke bisa kwazazzabon a bushe yake, sai gajerun itatuwa da ƙaya, alhali ana samun ruwan sama sosai. Ruwan ba ya tsayawa bisa, nutsewa yake ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo can ƙasa bakin kogi da sanyinsa.

Zurfin kwazazzabon kuma yana da nasa dalili. Kimanin shekaru miliyan 6 da suka wuce hanyar da ta haɗa tekun Bahar Rum da tekun Atlantika ta toshe, ruwan Bahar Rum ya ja baya ƙwarai. Kogunan da ke zuba cikinta sai suka ƙara gangara, suka yi ta yankan dutse zuwa ƙasa. Yau akwai wuraren da bangon dutsen ya kai mita 250 zuwa 300 daga ruwa zuwa sama.

Pont d'Arc, gadar da ba hannun mutum ya gina ba

Ma'anar sunan ita ce gada mai siffar baka, kuma wanda ya san bakan gizo na soron sarki zai gane siffar nan take. Tsayinta mita 54 ne, faɗinta kusan mita 60. Hasumiyar babban masallacin Agadas mita 27 ce, ke nan sai an ɗora biyu bisa juna kafin a kai tsayin wannan dutse.

Da farko kogin zagaye dutsen yake yi, ya yi doguwar kwana sannan ya dawo. Da ruwa ya daɗe yana cin dutsen ta waje da ta ciki, sai ya huda shi ya samu gajerar hanya. Tsohuwar kwanar da kogin ya bari tana nan a bushe, ana kiranta Combe d'Arc, har gonakin inabi ake yi cikinta. In an yi babbar ambaliya ruwa kan koma ya bi ta.

Dutsen na da nisan kilomita 5 daga tsakiyar ƙauyen. Gwamnatin Faransa ta sa shi cikin wuraren da doka ta kare tun 1931. A shekarun baya-bayan nan an janye wuraren ajiye motoci daga gindinsa, an gyara hanyoyin ƙafa, kuma a lokacin cunkoso akwai bas da ke jigilar mutane daga gari. Akwai rairayi gaba da bayan dutsen inda ake zama ana wanka. Mai son hoto ba turmutsitsi, ya je da sassafe.

Kogon Chauvet

Cikin bangon dutsen da ke kallon Combe d'Arc akwai abin da ya fi komai daraja a yankin. Ranar 18 ga Disamba 1994 wasu masu binciken koguna su uku, Jean-Marie Chauvet da Éliette Brunel da Christian Hillaire, suka ji iska na fitowa daga wata ƴar kafa. Suka kawar da duwatsu suka kutsa, sai ga su cikin wani makeken kogo da zane-zane a bangonsa.

An ƙirga zane kusan 1,000, fiye da 400 daga ciki na dabbobi ne: zakuna, karkanda, dawaki, ɓauna, giwa mai gashi wadda ta ƙare a duniya, har da damisa da mujiya. Da gawayi da jar ƙasa aka yi su, wasu kuma an karce su ne a jikin dutse. Awon da aka yi wa gawayin ya nuna mafi tsufansu sun kai shekaru 36,000. A ƙasan kogon an tarar da sawun ƙafar yaro, da ƙoƙon kai kusan 200 na wata ƙatuwar dabba da Faransawa ke kira urs, wadda ke kwana cikin kogo lokacin ɗari. Abin da ya tsare zanen shi ne zaftarewar dutse da ta rufe ƙofar kogon fiye da shekaru 20,000 da suka wuce. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a watan Yuni 2014.

To amma fa, kogon na gaskiya ba a shiga. Masu bincike ƙalilan ne ke samun izini, su ma na ɗan lokaci, bisa wata siririyar hanyar ƙarfe. Dalili kuwa shi ne abin da ya faru da kogon Lascaux a yammacin Faransa. An gano shi a 1940, aka buɗe wa jama'a a 1948. Numfashin mutane da ɗumin jikinsu suka sauya iskar ciki, gansakuka ta fara cin zanen, dole aka rufe shi a 1963. Da aka gano Chauvet hukuma ba ta yarda a maimaita kuskuren ba.

Madadin haka sai aka gina kwafinsa bisa wani tudu ƴan kilomita daga ƙauyen. An buɗe shi ranar 25 ga Afrilu 2015, ya ci yuro miliyan 55, wato sefa biliyan 36. Yanzu ana kiransa Grotte Chauvet 2. An kwaikwayi bango da zane da ƙasusuwa da duhu da sanyin wurin. Ana shiga ne rukuni-rukuni, zagayen na ɗaukar kusan awa guda. A Yuli da Agusta gara a sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar.

Akwai zaren da ya haɗa wannan kogo da ƙasarmu. Masanin da gwamnatin Faransa ta tura ya tabbatar da sahihancin zanen Chauvet, Jean Clottes, yana cikin waɗanda suka yi aiki a kan raƙuman dawan Dabous, arewa da Agadas, inda aka sassaƙa babbar a dutse da tsawon fiye da mita 5. A 1999 aka ɗauki kwafinsu, kuma an ajiye kwafi guda na gorar ruwa a filin jirgin saman Agadas. Dabarar guda ce: a nuna wa jama'a kwafi, a rage wa na asali wahala.

Sauran kogunan da ake shiga

Wanda yake son shiga kogo na gaske yana da zaɓi. Mafi shahara shi ne Aven d'Orgnac, kudu da Vallon, wanda Robert de Joly da abokansa suka fara sauka cikinsa a watan Agusta 1935. Ana gangara matakala 700 har zurfin mita 121, sannan na'urar hawa ta dawo da mutum sama. Ciki akwai ginshiƙan dutse da ɗigon ruwa ya gina: kowane ɗigo na barin ɗan ƙurar farar ƙasa, wani ya tsiro daga rufi ya yo ƙasa, wani ya taso daga ƙasa ya yi sama. Bisa hanyar kwazazzabon kuma akwai kogon Madeleine da kogon Saint-Marcel, wanda hanyoyinsa na ƙarƙashin ƙasa suka kai gomman kilomita.

Cikin waɗannan koguna sanyi bai canzawa, rani da damina yana wajen digiri 12 zuwa 15. Ga mutumin Damagaram wannan ɗari ne sosai. A riƙe rigar sanyi ko da waje ana zufa. Tsoho mai ciwon gwiwa ko mai ciwon zuciya ya tambayi yawan matakala kafin ya biya kuɗi.

Tuƙa kwale-kwale

Wannan shi ne abin da ya fi kawo mutane. Kamfanonin haya da yawa ne a Vallon da ƙauyen Salavas da ke tsallaken kogi. Suna ba da kwale-kwalen roba na mutum ɗaya ko biyu ko uku, da filafili, da rigar hana nutsewa, da bido mai murfi na zuba waya da abinci. In an kai ƙarshe su ke dawo da mutum da bas.

Tafiyar iri uku ce. Ƙaramar, kilomita 7 zuwa 8, tana ɗaukar kamar awa biyu, ana bi ta ƙarƙashin Pont d'Arc a tsaya a wani wuri da ake kira Châmes. Ita ta dace da sabon shiga da mai iyali. Ta biyu kilomita 24 ce, daga Châmes zuwa Sauze kusa da Saint-Martin, wuni guda cur. Ta uku kilomita 32, a wuni ɗaya ga masu ƙarfi, ko a kwana biyu.

Bisa hanya akwai wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi tsakanin duwatsu, kowanne da sunansa: Charlemagne dab da Pont d'Arc, Dent Noire wato baƙin haƙori, inda dutse ke tsaye tsakiyar ruwa, da Toupine de Gournier. Nan ne kwale-kwale ke yawan kifewa. Wanda bai amince da kansa ba yana iya fita ya ja kwale-kwalensa ta gefe, ba abin kunya ba ne.

Dokokin a fili suke. Yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya shiga. Dole mutum ya iya ruwa, ya iya ninƙaya mita 25 ya kuma iya nutsa kansa. Rigar hana nutsewa dole ce. Takalmi ya zama rufaffe mai igiya, silifa ruwa ke tafiya da shi. Hukuma na auna tsayin ruwa a gadar Salavas tana ba da launi: kore kowa na iya shiga, ruwan lemu sai gwanaye ko masu rakiyar malamin tuƙi, ja an hana masu haya. Abu guda da ya kamata a sani kafin a zaɓi doguwar tafiya: in an wuce Châmes an shiga tsakiyar kwazazzabo, hanyar mota tana can sama, mafita kaɗan ce, waya ma ba ko'ina take kamawa ba. Wanda ya gaji a tsakiya, sai dai ya daure ya ƙarasa.

Kwana cikin kwazazzabo an yarda da shi a zango biyu kaɗai, Gaud da Gournier, kuma sai an kama wuri tun da wuri. Kowane watan Nuwamba ana yin babbar gasar tseren kwale-kwale a kogin, mutane na zuwa daga ƙasashe da dama.

Tafiyar ƙafa, mota da keke

Wanda bai iya ruwa ba bai yi asarar zuwa ba. Akwai hanyar kwalta mai lamba D290 da ta bi bisa kwazazzabon daga Vallon zuwa Saint-Martin, da dandalin hange goma sha ɗaya. Serre de Tourre da Balcon des Templiers da Ranc Pointu na cikin waɗanda aka fi tsayawa. Daga wani dandalin ana hango dutsen da suke kira Cathédrale saboda tsininsa. Hanyar na da kwana da yawa, ga masu keke da babur, ga kuma awakin da suka koma na daji suna kwanciya tsakiyar kwalta. A yi tuƙi a hankali, kuma kada a bar jaka a fili cikin mota.

Masu ƙarfin ƙafa suna da hanyar da ta bi ƙasan kwazazzabon, kilomita 24, yawanci a kwana biyu. Ba yawon shan iska ba ne: akwai tsani na ƙarfe, akwai inda ake dafa igiya, akwai mashigi biyu da ake ratsa kogi da ƙafa, kuma in ruwa ya ƙaru ba su ratsuwa. Akwai gajerun hanyoyi na awa ɗaya ko biyu kusa da Pont d'Arc da kwarin Ibie, ƙaramin kogin da ke haɗuwa da Ardesh dab da garin. Ofishin yawon buɗe ido na garin na ba da taswira. Masu son hawan dutse da igiya ko shiga kogon da ba a gyara ba, akwai malamai masu takardar izini da ke rakiya.

Namun daji da dokar gandu

Tun 1980 kwazazzabon ya zama gandun da gwamnati ta kare. A bangon dutsen akwai sheƙar wata gaggafa da ake kira Bonelli, wadda saura ƴan gomman ma'aurata a duk faɗin Faransa. Akwai shaho, akwai jemagu iri-iri cikin koguna, akwai karen ruwa, da kastor, dabbar da ke sare itace da haƙori bakin kogi.

Akwai kuma baƙuwar da muka sani: ƙaramar farar ungulu mai ɗorawar fuska, wadda masana ke kira ungulun Masar. Takan zo kudancin Faransa wajen watan Maris ta yi ƙwai, in Satumba ta yi ta tsallake teku da Sahara ta sauka yankin Sahel ta yi hunturu. Irinta na yin sheƙa a duwatsun Kutus na jihar Damagaram. Tana cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa a duniya, saboda guba da ake sa wa mushe, da wayoyin lantarki, da masu farautarta don sayar da sassan jikinta. Ke nan wahalar da ake sha wajen tsaron ta can ba ta da amfani in ba a bar ta ta rayu a nan ba.

Cikin gandun an hana kunna wuta, an hana tsinke tsiro ko ɗaukar dutse, an hana zubar da shara, an hana kafa tanti inda ba zango ba. A lokacin zafi an hana shiga da giya. Masu gadi da jandarmomi na zagayawa, kuma tara suke yankawa. Zancen wuta ba wasa ba ne: dajin a bushe yake ƙayau a Yuli da Agusta, guntun taba guda ya isa. Ƴan uwa masu son gashin nama da dafa shayi bisa gawayi, a yi shi a sansanin da aka ba da izini.

Ambaliya da nutsewa

Nan ne muke roƙon a buɗe kunne. A lokacin zafi Ardesh kan ragu har yaro ya ratsa wasu wurare da ƙafa. Amma daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba iska mai ɗumi da laima kan taso daga Bahar Rum ta bugi duwatsun Cévennes, ta zubar da ruwan watanni cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk ruwan nan kwazazzabo guda yake bi, ba shi da wurin bazuwa, sai dai ya hau sama. Ranar 22 ga Satumba 1890 ruwan ya tashi kimanin mita 17 a Vallon, ya karya gadoji, ya kashe gomman mutane a yankin. Ranar 9 ga Agusta 2018, tsakiyar hutu, ruwan sama mai ƙarfi ya sa aka kwashe mutum 1,600, yawancinsu daga sansanonin hutu. A Saint-Julien-de-Peyrolas, ƙasa da kwazazzabon, an ceto yara fiye da 100 ƴan ƙasar Jamus daga wani sansani, wani dattijo da ke tare da su kuma ruwa ya tafi da shi.

Mutanen Maradi sun san wannan hali a Gulbi: sama tas ba hadari, amma ruwa ya iso saboda an yi shi can Nijeriya. Haka Ardesh yake. Rana na iya haskawa a Vallon alhali an kwana ana ruwa bisa duwatsu. In kun ga ruwa ya fara jaa, ko yana ɗauke da itace da ganye, ku fita ku hau tudu, kada ku tsaya kwashe kaya. Kafin a fita da safe a duba sanarwar Météo-France da shafin Vigicrues mai nuna tsayin koguna.

Nutsewa kuwa ba ta jiran ambaliya. Hukumar lafiya ta Faransa na ƙirga kusan mutum 1,000 da ruwa ke ci kowace shekara a ƙasar. Da yawa cikin ƴaƴanmu sun tashi inda ba kogi, wasu kuma wankan tabki kawai suka sani. Kogi daban ne: ƙasansa ba daidai ba, taku ɗaya ruwa na gwiwa, taku na biyu ya shanye kai. Ga duwatsu masu santsi, ga wuraren da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ɓullowa da sanyi ƙarara. Wanda ya daɗe cikin rana ya faɗa ruwan sanyi kwatsam yana iya suma, don haka a jiƙa wuya da ƙirji tukuna. Tsalle daga kan dutse na karya wuya da baya. Doguwar riga da zane in sun jiƙe nauyi suke, suna kuma naɗe ƙafa. A yi wanka inda akwai masu gadin ruwa, kuma babba guda ya zuba wa yara ido, ba tare da waya a hannu ba.

Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai. Wanda bai iya ba ya faɗa wa mai haya gaskiya, kada kunyar abokai ta sa ya sa hannu a takarda cewa ya iya. Lambar neman agaji 112 ce, ta ƴan kwana-kwana kuma 18. Kiran kyauta ne.

Cikin ƙauyen da kewayensa

Tsakiyar Vallon na da ƴan siraran lunguna da gidajen dutse. Ma'aikatar magajin gari na cikin wani tsohon gidan sarauta na ƙarni na 17, inda aka rataye manyan darduman bango saƙar garin Aubusson. Kasuwa na ci kowace Alhamis da safe. Ana samun zuma, man zaitun, turaren furen lavand, da cukun nonon awaki da ake kira picodon, ɗan ƙarami mai kauri, ba kamar namu mai faɗi ba. Ana kuma samun kayan zaƙi na wani ɗan itace da suke kira shatenyi, wanda gundumar Ardesh ta fi kowace noman sa a Faransa. Kafin zuwan masu yawon buɗe ido, kiwon tsutsar siliki da noman inabi su ne arzikin yankin. Yau otel da sansani da gidan abinci da hayar kwale-kwale su ne ke ɗaukar ma'aikata, galibi na ƴan watanni, ɗalibai da yawa a ciki.

Ƙauyukan da ke kusa sun cancanci ziyara. Aiguèze na zaune bisa bangon dutse a ƙarshen kwazazzabon. Balazuc da Vogüé na sama da Vallon bakin kogin guda. Dukansu ukun na cikin jerin ƙauyukan da aka zaɓa a matsayin mafi kyau a Faransa. A dajin yankin kuma akwai ɗaruruwan kaburburan mutanen da, waɗanda aka yi da manyan falalen dutse.

Abubuwa biyu da mai iyali zai so ya sani. Na farko, yawancin naman da ake sarrafawa a yankin na alade ne, har da wani curin nama da ganye mai suna caillette da ake tallarsa ko'ina, don haka a tambaya kafin a saya. Na biyu, akwai sansani cikin kwazazzabon da aka keɓe wa masu zama ba tufafi, kuma kwale-kwale na wucewa ta gabansa a doguwar tafiya.

Lokacin da ya fi dacewa

Mayu da Yuni sun fi daɗi: ruwa isasshe, zafi madaidaici, jama'a ba su yi yawa ba, masauki da sauƙi. A Yuli da Agusta zafi na haura digiri 35, kwale-kwale na gogar juna a ƙarƙashin Pont d'Arc, kuɗin komai ya tashi. Farkon Satumba ma da kyau, sai dai a sa ido kan hadari. Daga Nuwamba zuwa Maris yawancin sansanoni da masu haya a rufe suke. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, mai lissafin lokacin salla ya riƙe wannan.

Kayan tafiya ba su da yawa: ruwan sha lita biyu ga kowane mutum, hula, rufaffen takalmi, rigar sanyi don kogo, leda ta kwaso shara, da takardun shaida cikin abin da ruwa ba ya shiga. Kafin ku shiga kwazazzabo ku sanar da wani inda za ku da lokacin da kuke sa ran fitowa.

Iyaye na gida kuma, in yaro ya kira ya ce za su Ardesh hutu, ku tambaye shi abu uku: ya iya ruwa, tafiyar kilomita nawa suka zaɓa, kuma wane launi hukuma ta ba kogin ranar. Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.